Gyaran gidan haya: yadda za ka karɓi farashin 'yan kwangila ka auna su kafin ka ba da aiki

Ɗan haya ya bugo waya: ɗaki yana yoyo, silin ya yi ciki, filastar ƙasan bango tana zubewa kamar gari. Ka kira mutum uku su duba, ɗaya ya ce miliyan ɗaya da dubu ɗari da hamsin, ɗaya ya ce miliyan ɗaya da kusan rabi, na ukun ya tsaya tsakani. A nan ne yawancin masu gidajen haya ke yin kuskure, sai su ɗauki na ƙasa suna ganin sun yi ciniki. Alhali mutanen nan uku ba aiki ɗaya suka sa wa kuɗi ba. Kowa ya kalli gidan, ya ƙirƙiro aikin da yake ganin za a yi a cikin kansa, ya faɗi kuɗinsa. Muddin ba kai ka rubuta aikin ba, ba ka da ma'aunin da za ka ɗora farashinsu a kai.

Rubuta aikin da hannunka kafin ka kira kowa

Ka je gidan da rana, da tef ɗin awo, da tocila, da littafi, da wayarka don hoto. Ka shiga ɗaki-ɗaki, kuma ka saurari 'yan haya da kyau, domin su ne suke kwana a ciki: su suka san ta wane lungu ruwa ke shigowa, da ko sai an yi ruwa da iska yake zuba ko kowane yayyafi ma. Wannan bambancin yana da amfani. Yoyon da ke zuwa da kowane ruwa galibi huda ce a kwano ko ƙusa ta saki. Wanda sai da iska, yawanci daga mahaɗar kwano ne ko murfin tsororuwar rufi, inda iska ke tura ruwa ya koma sama. A gidaje masu rufin ɓoye, waɗanda kwanonsu ke bayan katanga, abin da ya fi jawo yoyo shi ne magudanar siminti ta tsage, ko indararo ya toshe da leda da ƙasa, ko inda kwano ya haɗu da bango ya buɗe. Mai irin wannan gida zai iya canza kwano gaba ɗaya, damina ta zo ɗakin ya ci gaba da zuba, domin ba a taɓa inda ciwon yake ba.

Abin da za ka rubuta ya zama da awo da adadi. Kada ka rubuta "gyaran rufi". Rubuta: "Cire tsohon kwanon ɗaki na 3 da na 4, canza duk katakon da gara ta ci, shafa wa sabon katako maganin gara, kafa sabon kwano da ƙusa mai hula." Kada ka rubuta "fenti". Rubuta: "Kankare tsohon fentin da ya tashi, cike tsaga, fentin ruwa shafi biyu a bangon ɗaki huɗu, fentin mai a ƙofofi da tagogi." Ka faɗi irin kayan da kake so da sunan kamfani da kauri, ka kuma faɗi wanda zai kwashe ɓaraguzai da wanda zai sayi ruwan aiki. Shafi ɗaya ya isa. Ka yi kwafi, kowane mai neman aikin ka miƙa masa iri ɗaya.

In ba ka da idon gini, biya wani magini dattijo ko masanin ƙiyasin gini kuɗin yini ɗaya ya zagaya da kai ya taya ka rubutawa, da sharaɗin ba zai shiga neman aikin ba. Wanda zai ci aikin ba shi ya kamata ya faɗa maka girman aikin ba.

Akwai abin da ya wuce magini kuma. Tsagar da ta bi bango a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, wadda ɗan yatsa ko bakin makulli ke shiga, ko rufin kankare (dakin) da ya lotsa, ko rodi ya fito fili ya yi tsatsa yana tsaga siminti, duk waɗannan injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, za ka kira kafin ka nemi farashin kowa. Haka in ƙarin ɗaki ko shago ko bene za ka yi, sai da izinin hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Shafe irin wannan tsaga da siminti ɓoye ta ne kawai, kuma akwai rayukan mutane a ƙarƙashin rufin.

Su wa za ka kira, kuma ta wace hanya

Mutum uku sun wadatar ga aiki matsakaici. Ƙaramin abu kamar canza famfo ko kwan fitila bai kai a tara mutane ba, amma duk aikin da zai cinye hayar wata uku ko fiye, ya cancanci farashi uku. Abin lura shi ne su fito ta hanyoyi daban-daban: ɗaya daga wani mai gida da ka sani, ɗaya daga mai sayar da kayan gini da kake hulɗa da shi, ɗaya daga unguwar da gidan yake. Idan wakilin da ke kula maka da gidan ne ya kawo duka ukun, akwai yiwuwar farashi ɗaya ne aka raba gida uku, biyu an ɗaga su da gangan don na ukun ya yi kama da araha, kuma la'adar wakilin tana ciki. Ba kowane wakili ne haka ba, amma mai gidan da ke zaune a wani gari ya kamata ya nemo aƙalla mutum ɗaya da kansa.

Ka kai su gidan ɗaya bayan ɗaya, kada a haɗa su, kuma kada ka faɗa wa wani abin da wani ya ce. Ka lura da yadda mutum yake duba aiki. Kafintan da ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai ya faɗi kuɗi, bai hau rufi ba, bai leƙa cikin silin da tocila ba, bai soka wa katako ƙusa ya ji ko gara ta rarake cikinsa ba, wannan farashinsa cinta ne kawai, kuma kai za ka biya gibin daga baya. Haka wanda ya ce ka turo masa hoto ta WhatsApp ya ba ka kuɗi. Hoto ba ya nuna ruɓaɓɓen katako.

Sannan ka nemi kowa ya nuna maka aikin da ya yi wanda damina ta riga ta bi ta kansa. Sabon fenti kowa nasa yana da kyau. Je ka ga rufin da ya kafa bara, ka tambayi mai gidan abu biyu: ya gama a lokacin da ya ce, kuma da aka kira shi gyara bayan an biya shi, ya dawo? Gani ya kori ji. Ga babban aiki, wanda ke da rajistar kamfani da adireshin da za ka iya zuwa ya fi kwanciyar hankali. Ga ƙaramin magini kuwa, ya kawo mutumin da aka sani ya tsaya masa.

Jinga, aiki kawai, ko ladan yini

Kafin su kawo takarda, ka faɗa musu tsarin da kake so, domin ba a kwatanta farashin da ya haɗa kaya da wanda bai haɗa ba.

A jinga gaba ɗaya, ɗan kwangila ne zai sayi kaya ya yi aiki a kan kuɗin da aka yanke. Yana hutar da kai, amma duk abin da ya rage a kaya ribarsa ce, don haka nan ne ake samun kwano mara kauri, siminti kaɗan a yashi mai yawa, da fentin da aka tsinka da ruwa. Maganinsa shi ne a rubuta sunan kaya da kauri, kuma ka ga kayan da idonka kafin a yi amfani da su.

A tsarin aiki kawai, kai ke sayen kaya, shi ka biya shi hannunsa. Ingancin kaya yana hannunka, amma ɓarna ba ta dame shi ba tunda ba kuɗinsa ba ne, buhun siminti kan yi ƙafa da yamma, kuma in kaya suka makara ma'aikata suka zauna, laifinka ne. In abu ya lalace daga baya zai ce kayanka ne ba su da kyau. Wannan tsari ya dace da mai gidan da ke kusa, ko yake da amintaccen da zai riƙe makullin ɗakin kaya yana rubuta abin da ya fita kullum.

Ladan yini kuwa sai ga aikin da ba a san iyakarsa ba, kamar neman inda bututu ya fashe a cikin bango. Da zarar an gano matsalar, a koma jinga. Aikin kwana huɗu a kan ladan yini yakan kai kwana tara.

Kowanne ka zaɓa, ka nemi a raba takardar: kuɗin kaya daban, da adadi da farashin kowane ɗaya, kuɗin aiki daban, kuɗin mota da dako daban. A sa kwanan wata, a kuma rubuta kwana nawa farashin zai tsaya, domin kuɗin siminti da rodi kan motsa cikin mako biyu. Wanda ya ce shi "duka-duka" yake faɗa ba ya rarrabewa, ka ba shi takarda da biro ku zauna ku rarrabe tare. Da yawa ƙwararru ne da hannu, rubutun ne bai dame su ba. Wanda ya ƙi ko da an zauna da shi, a bar shi.

Auna adadin kaya da kanka

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ba sai ka zama magini ba kafin ka gane adadin da ya wuce hankali. Ga lissafin da zai ishe ka a yawancin gyare-gyare.

Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wato kusan mita 3.6 kowane gefe, da tsayin mita 3, bangonsa ya kai murabba'in mita 43. Cire ƙofa da taga, saura kamar 40. Shafi biyu ya zama 80. Fentin ruwa mai kyau lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai santsi, ke nan lita 10 ta ishi ɗakin, bokiti mai lita 20 ya yi ɗaki biyu. Sabuwar filasta tana shan fenti fiye da haka, haka ma in za a rufe launi mai duhu da fari, amma in mai fenti ya rubuta bokiti shida a ɗaki huɗu, tambaye shi ina sauran za su.

Daɓen wannan ɗakin murabba'in mita 13 ne. Ƙara kashi 10 cikin 100 na yanka da fashewa, ya zama 14 da ɗoriya. Tayil mai santimita 60 da 60 galibi guda 4 ne a kwali, murabba'in mita 1.44, ke nan kwali 10. Mai 40 da 40 galibi guda 12 ne, murabba'in mita 1.92, kwali 8. Duba abin da aka rubuta a jikin kwalin, don kamfanoni sun bambanta. Kuma ka sayi duka a lokaci ɗaya ka ajiye rarar kwali ɗaya, domin bayan shekara ba lallai ka sami launin ba idan ɗan haya ya fasa guda biyu.

Bulo, ko mai inci 9 ko mai inci 6, guda 10 ne ke cika murabba'in mita ɗaya na bango. Katangar da ta faɗi mai tsawon mita 6 da tsayin mita 2.4 tana cin bulo 144, a ce 150 saboda karyewa. Buhun siminti ɗaya yakan ɗora bulo mai inci 9 kamar 50, don haka buhu 3 ne na ɗori, ban da ginshiƙi da filasta. Shi kansa bulon ka gwada shi: ɗaga shi zuwa ƙugu ka sake shi a ƙasa mai tauri. In ya watse ya zama gari, an yi wa simintinsa rowa wajen bugawa.

Buhun siminti kilo 50 ne, ko Dangote ko BUA ko Ashaka, kuma ana lissafa shi kwanon sarki biyu. Kwaɓin filasta mai ƙarfi, ɗaya da huɗu, shi ne buhu ɗaya da kwanon sarki 8 na yashi. Na cikin ɗaki ana kai shi ɗaya da shida, wato kwano 12. A kaurin da bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, buhu ɗaya yakan rufe murabba'in mita 9 zuwa 12. Kankare na ɗaya-biyu-huɗu kuwa buhu ɗaya ne, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Ka tambayi kowane magini kwano nawa yake zuba wa buhu, ka rubuta amsarsa a takardar. Wannan tambaya ɗaya tana bayyana dalilin da ya sa wani ya rubuta buhu 4 wani ya rubuta 7 a aiki guda.

A rufi, kwano na gargajiya ana sayar da shi bandir-bandir, guda 20 a bandir, na alminiyom mai tsawo kuma da mita, kaurinsa milimita 0.45 ko 0.55 ko sama. Farashi biyu na iya bambanta da dubu ɗari saboda kauri kawai, kuma da ido daga ƙasa ba za ka gane ba. A rubuta kaurin. A rubuta girman katako, tu-bai-fo (inci 2 da 4) na ƙafafun rufi, tu-bai-tiri (inci 2 da 3) na inda ake kafa kwano, da cewa busasshe ne, domin ɗanyen katako yana murɗewa in ya bushe ya ja ƙusa ya buɗe huda. Kwano ya hau kan ɗan'uwansa aƙalla inci 6 a tsaye, kuma a buga ƙusa a kan tudun kwanon, ba a kwarin da ruwa ke bi ba.

A wayarin, waya mai lamba 1.5 ta fitilu ce da fanka, mai 2.5 ta soket, mai 4 ko sama ta na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa. Wanda farashinsa ya faɗi ƙasa sosai a nan, ko dai siririyar waya zai ja wa soket, ko jabu zai saya. Kankare bakin wayar da reza: in jan ƙarfen ya goge fari ya fito, alminiyom ce aka yi wa rufi. A gidan haya da kowa ke jona hita da dutsen guga, irin wannan waya ce ke ɗaukar zafi ta ta da gobara cikin dare. A wannan wuri kada ka nemi rangwame ko na sisi.

Da zarar ka gama da adadi, ɗauki jerin kayan ka shiga kasuwa ko ka buga waya shago biyu. A Kano, Ƙofar Ruwa don rodi da kayan gini, Na'ibawa ko Rijiyar Lemo don katako. Ɗan abin da ɗan kwangila ya ɗora a kan farashin kasuwa ba laifi ba ne, wahalar saye da dako ce. Wanda ya ninka, ka san da wa kake magana.

Jera takardun gefe da gefe

Ja layi a takarda, aikin da ka rubuta a hagu, sunayen mutum ukun a sama. Kowane aiki ka cike abin da kowa ya sa. Inda wani bai sa komai ba, kada ka ɗauka kyauta zai yi; kira shi ka tambaya, ka rubuta kuɗin da ya faɗa.

A ce aikin canza rufin ɗaki biyu ne, da silin, da filastar ƙasan bango, da fentin ɗaki huɗu. Alƙaluman nan na misali ne kawai. Na farko ya ce N1,150,000. Da aka zauna da shi, ashe kwano 10 zai canza ya liƙe sauran da kwalta, bai sa katako ba, fenti shafi ɗaya. Wannan ba aikin da ka rubuta ba ne, ko dai ya sake lissafi ko ya fita daga layi. Na biyu ya ce N1,480,000: kwano bandir 2, katako 18 da maganin gara, silin, fenti shafi biyu, mota, kwashe ɓaraguzai, har da kuɗin 'yan garuwa. Na uku ya ce N1,320,000 da kaya iri ɗaya da na biyu, sai dai babu katako, babu mota, babu kwashe shara, babu ruwa. Ka tambaye shi, ya ce katako da magani N110,000, mota da kwasar ɓaraguzai N60,000, ruwa N20,000. Jimla N1,510,000. Wanda ya fi kowa tsada a kallon farko shi ne ya fi araha.

Abubuwan da aka fi "mantawa" a takarda su ne waɗannan: kuɗin mota da sauke kaya, ruwa, hayar katakon hawa, man janareta in za a yi walda ko yankan tayil, kwashe ɓaraguzai, da gyaran abin da aikin ya ɓata, kamar bangon da mai famfo ya fasa ya sa bututu. Wa zai mayar da filastar da tayil ɗin? In ba a rubuta ba, mai famfo zai ce shi ba magini ba ne, ya tafi ya bar ka da rami. Idan kamfani ne mai rajista, tambaya ko harajin VAT na kashi 7.5 yana cikin jimlar ko za a ɗora daga baya.

Ka kuma kula da wanda ya kawo maganin da ya bambanta da na saura, domin wani lokaci shi ne mai gaskiya. Filastar ƙasan bango da ke kumbura tana fitar da farin gishiri, danshi ne ke hawowa daga ƙasa, ko kwata tana kwance a gindin bangon, ko bututun banɗakin maƙwabcin ɗaki yana tsiyaya. Biyu za su ce a sake filasta a yi fenti. Na ukun ya ce sai an gyara kwatar, an yi daɓe mai gangara a gindin bango don ruwa ya gudu, an sassaƙe tsohuwar filasta har mita ɗaya, an bar bangon ya sha iska, sannan a shafe da siminti mai maganin ruwa. Kuɗinsa zai fi, amma na waɗancan biyun za ka sake biyansa baɗi. In ka gamsu da hujjarsa, gyara takardarka ka mayar wa sauran su sake farashi a kan sabon aikin. Haka batun sokawe: kafin ka yarda a haƙa sabuwa, a duba ko kwashewa kawai take so, ko bututun ne ba shi da gangara. Bututun masai mai inci 4 yana son saukar kusan santimita biyu da rabi a kowace mita. In sabuwa za a haƙa, ta yi nesa da rijiya aƙalla mita 15, in da fili ma 30.

Farashin da ya faɗi ƙasa da sauran da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, bayan an daidaita komai, abin tsoro ne. Araha ba ta ado. Ko ya yi kuskuren lissafi, wanda zai sa ya gudu a tsakiyar aiki, ko yana da niyyar cire kwano ya bar ɗaki a buɗe sannan ya zo da maganar ƙari, lokacin da ba ka da bakin musu. Wajen ciniki kuma, kada ka matse kuɗin hannu har mutum ya rasa abin biyan leburorinsa, domin daga simintinka zai fanshe. In kuɗinka bai kai ba, rage aikin: a yi rufi da wayarin bana, fenti ya jira.

Abin da zai fito bayan an buɗe

Tsohon gida ba ya nuna cikinsa sai an cire silin. Don haka tun kafin a fara, a rubuta farashin ɗaya-ɗaya: kowane ƙarin katako nawa ne har da kafawa, kowane ƙarin murabba'in mita na filasta nawa, kowace mitar bututu nawa. Sharaɗin shi ne ba za a yi ƙarin aiki ba sai ka gani da idonka ko an turo maka hoto ka amsa a rubuce. Tsohon katakon da aka ce ya ruɓe a ajiye maka shi ka ƙirga, tsohon kwano ma naka ne sai in kun yi da shi zai ɗauka a rage kuɗi. Kai kuma ka ware kashi 10 zuwa 15 na kuɗin aikin a gefe, kada ka faɗa wa kowa.

Yarjejeniya, biya, da mutanen da ke cikin gidan

Takardar da kuka daidaita a kanta ita ce yarjejeniyar. A ƙara mata ranar farawa da ranar gamawa, da matakan biya, ku sa hannu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Ko da ɗan'uwanka ne ko abokin sallarka, a rubuta. Rubutun ne ke tsare zumuncin.

Kafin alƙalami kada ya wuce kashi 30 zuwa 40, kuma ya fi kyau a ɗaura shi da saukar kaya a gidan. Sauran a biya bisa abin da aka gama, ba bisa kwanaki ba: kaso ɗaya in an rufe ɗakuna, kaso ɗaya in an gama filasta da silin, kaso ɗaya bayan fenti da shara. Kullum aikin da ke ƙasa ya fi kuɗin da ya fita. Ka riƙe kashi 5 zuwa 10 har wani lokaci da kuka yanke. A aikin rufi, har sai an yi ruwan sama mai ƙarfi sau biyu. Ka faɗi wannan tun ranar da suke duba aiki don kowa ya sa shi a lissafinsa, kada ka ɓullo da shi ranar biyan ƙarshe, wannan zalunci ne. Idan mataki ya cika kuma, biya a ranar, ta banki, da bayanin abin da aka biya. Leburan da ya yini yana ɗaukar yashi da kuɗin nan zai sayi abincin dare.

Kada a rufe abin da ba a gwada ba. Bututun ruwa a sake masa ruwa ya kwana kafin a shafe bango. Daɓen banɗaki a zuba bokiti a ga ruwan ya nufi magudana kafin mai tayil ya karɓi kuɗinsa. Magudanar rufin ɓoye a toshe indararo a cika ta da ruwa a duba ƙasanta. Sabuwar filasta tana son a riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana bakwai, musamman da hunturu da iska ke busar da ita ta tsattsage, kuma a bar ta ta bushe sarai kafin fenti. A rubuta wanda zai yi ban-ruwan nan, domin magini ya gama ya tafi wani aikin.

Lokaci ma yana cikin farashi. Aikin rufi a yi shi tsakanin Fabrairu da Afrilu. Wanda ya bari sai Yuli ko Agusta, kafintoci sun yi tsada, leburori da yawa sun koma gona, kuma dole a cire kwano kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da za a iya rufewa kafin hadari ya haɗo. In aikin zai faɗa cikin azumi ko makon Sallah, ƙara kwanaki a lissafin.

'Yan haya kuma a sanar da su aƙalla mako ɗaya kafin a fara, a faɗa musu ranar da za a taɓa ɗakin kowa don su kwashe kaya, da ranar da za a yanke ruwa ko wuta. A gidan da matan aure suke, a yanke sa'o'in shigar ma'aikata da mazajensu, a kuma gargaɗi masu hawa rufi su yi sallama maƙwabta su kintsa kafin su hau. Ɗan kwangila ya san cewa shi ke da alhakin yaransa da duk abin da ya ɓace ko ya fashe a ɗakin da suka shiga. Idan ɗan haya ne ya ce zai yi gyaran a cire masa a kuɗin haya, ƙa'idar ba ta canza ba: a rubuta aikin, a kawo farashi ka amince kafin a fara, a ajiye rasit, a kuma rubuta adadin da za a cire da watan da za a cire shi, ku biyu ku sa hannu.